Alƙalan Littafi a Ƙasar Gwiwa da Kewayenta

Duk wanda ya yi muɗala'ar abin da malaman jami'a suka wallafa a kan tarihin ƙagaggun labarai na Hausa zai iske sunayen mawallafa a jere, da shekarun da aka buga ayyukansu, da hukumomin da suka ɗauki nauyin bugawa, amma da wuya ya iske an tsaya an ba da labarin mutanen da aka yi aikin dominsu, watau masu karatu, waɗanda su ne ke fid da kuɗinsu su saya ko su yi aro, su hana idonsu barci, kana gari ya waye su yanke wa littafi hukunci, imma su ɗaukaka shi har ya zaga gari, imma su yasar da shi a manta da sunansa. Wannan giɓi ya fi fitowa fili idan aka dubi ƙasa irin ta Gwiwa, wadda ba a san ta da maɗaba'a ko kamfanin buga littattafai ba, alhali kuwa shekara da shekaru ana karatu a cikinta, ana yabo, ana kushewa, ana musu a kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba sai a kan takarda.

Gwiwa tana cikin masarautar Kazaure, wadda Ibrahim Ɗantunku ya kafa harsashinta a zamanin jihadi, tana iyaka da ƙasar Katsina, tana maƙwabtaka da Roni, Babura kuma tana can ta gabas. Littafin da zai iso wannan yanki galibi sai ya biyo hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ta nufi Daura, sa'an nan ya sauka a hannun ɗan makarantar kwana da ya zo hutu, ko malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗan tireda da ya je sari birni, daga nan ya shiga garuruwan ƙasar irin su Korayel ko Shafe ko Buntusu. Wannan nisa ya haifar da wani abu wanda a ganina shi ne tushen mas'alar duka: da yake littafi ba ya zuwa da yawa, kwafi guda yakan bi hannuwa masu yawa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi jama'a na saurare, saboda haka ra'ayi a kan littafi a nan bai taɓa zama sirrin mutum ɗaya da zuciyarsa ba, hukunci ne na majalisa.

Kafin zuwan boko akwai majalisu iri biyu da ake sauraren magana mai tsawo a cikinsu. Ta farko ita ce zauren malami, inda almajiri ke ɗaukar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi himma da tsawon rai har ya kai ga Maƙamatul Hariri. A nan ba a tambayar ɗalibi ko matani ya yi masa daɗi, domin abin da ake nema fahimta ce da albarka, kuma ladabi ya hana shi ya ce wa mawallafi ka yi daidai ko ka yi kuskure. Ta biyu ita ce tsakar gida bayan sallar lisha, inda tsohuwa ke zuba wa jikoki tatsuniya, kuma a nan mai saurare yana da cikakken 'yanci, har yaro ƙarami yakan katse kakarsa ya ce ba haka ta faɗa jiya ba, ko ya ƙi yarda Gizo ya kuɓuta ba tare da ya ɗanɗani sakamakon zambarsa ba. Malamai sun ɗauki wannan majalisa ta biyu a matsayin lagawu, aikin mata da yara, wanda bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Amma daga gare ta mai karatun ƙagaggen labari ya gaji ɗabi'arsa ta sa baki, ba daga zaure ba, ko da yake daga zauren ya gaji girmama rubutacciyar magana da neman darasi a ƙarshenta.

A shekarar 1933 ne Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da masu ilmi su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausar boko, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha wajen gamsar da malamai cewa wannan aiki ba zubar da girma ba ne. Littattafai biyar suka fito daga gasar da ya shirya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Alƙalin farko ke nan Bature ne, na biyu kuma hedimasta. To, amma abin lura shi ne, dukan biyar ɗin hukuma ɗaya ta buga su, hanya ɗaya suka bi suka shiga makarantun elementare da na midil, amma ba daraja ɗaya suka samu a zukatan jama'a ba. Ruwan Bagaja ya shiga bakin mutane har wanda bai taɓa riƙe alli ba ya san ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma an sha samun masu saurare da suka fi ƙaunar Zurƙe bisa mai labarin kansa. Shaihu Umar ya kama zukata ta wata fuska dabam, domin babu uwar da za ta ji labarin mahaifiyar Umar tana keta hamada neman ɗanta, har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba tare da hankalinta ya tashi ba, balle a zamanin da tsofaffin da suka ga bauta da idonsu suna nan da rai. Idon Matambayi kuwa, duk da fasahar ɓarayinsa, bai samu irin wannan gurbi ba. Babu wata hukuma da ta zartar da wannan bambanci. Masu karatu da masu saurare ne suka yi ijma'i a kansa sannu a hankali, ba tare da sun taɓa zama taro ba.

Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a watan Janairu na 1939, kuma ita ce ta koya wa ɗan Arewa cewa yana iya ɗaukar alƙalami ya aika da ra'ayinsa a buga kowa ya gani. Sai Yaƙi da Jahilci da hukumar NORLA a shekarun 1950, da ƙananan jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, lardin da Kazaure ke ciki a lokacin, da Himma ta Katsina. A wannan zamani ne yara suka haddace bajintar Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, mutumin garin da ba shi da nisa da mu ta wajen Katsina. Sai dai masu karatun wannan lokaci galibinsu maza ne, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan ajin dare, kuma da yawa daga littattafan sun zama na jarrabawa, ra'ayin ɗalibi a kansu ya koma abin da malami ya rubuta a allo.

Abin da ya sauya al'amarin gaba ɗaya ya taru ne daga sababai da dama. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya shigar da ɗimbin 'ya'ya mata aji, har a ƙauyukan da a da ake ɓoye yara idan an ji mai ɗaukar 'yan makaranta ya shigo. Da yawansu ba su wuce firamare ba aka yi musu aure, suka shiga ɗaki da iya karatun Hausa a kansu, ba su da abin karantawa. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta, aka ga cewa soyayya da aure abin rubutawa ne. Sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, marubuta suka daina jiran wanda zai karɓi aikinsu, suka riƙa tara 'yan kuɗinsu suna kai wa ƙananan maɗaba'u a Kano. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta kafu, kuma a 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya mamaye ƙasa. Iyakar jiha ta sauya, amma hanyar littafi ba ta sauya ba, Kano ce dai kasuwa.

A nan ne ra'ayin mai karatu ya samu ikon da bai taɓa samu ba, kuma yana da kyau a fahimci yadda abin yake aiki. Marubucin da ba shi da jari ba ya iya buga labarinsa duka a lokaci guda, sai ya yanka shi kashi biyu ko uku ko huɗu, ya tsaya a daidai inda zuciya ta ɗauki zafi, ya ce a haɗu a littafi na gaba; kuɗin da na ɗaya ya kawo da shi za a buga na biyu, in kuwa na ɗaya ya kwanta a shagon dillali, to na biyu ba zai taɓa ganin hasken rana ba. A bangon littafin kuma yana sa adireshinsa, daga baya lambar wayarsa, wasiƙu su yi ta zuwa, wasu ma a buga su a farkon kashi na gaba tare da gaisuwa ga masu su. Ke nan mai karatu yana yanke hukunci tun labarin bai ƙare ba, kuma marubuci, wanda yake jin abin da ake faɗa a kan tauraruwarsa da muguwar kishiyarta, ba zai iya rubuta ƙarshen kamar bai ji ba. Abubakar Imam bai san irin wannan matsi ba, domin shi hukuma ce ta biya shi.

Wanda bai ga littafin haya na waɗannan shekaru ba ba zai gane yawan hannuwan da yake bi ba. Bangonsa na asali ya daɗe da yagewa, mai shago ya yi masa riga da kwalin sabulu ko na madara, ya ɗinke ƙashin bayansa da zare mai kauri, ya rubuta sunansa da lambar kashi da biro; takardun sun yi laushi, akwai tabon manja a wani shafi, da ɗigon ruwan lalle a wani. A gefen shafuka kuwa sai ka iske rubutun hannu iri-iri, wata ta rubuta Allah ya isa a daidai inda aka zalunci marainiya, wata ta ja layi ƙarƙashin wasiƙar soyayya domin ta kwafe ta, wani kuma, da alama namiji, ya rubuta cewa wannan ƙarya ce. Malamanmu na zaure sun san darajar hashiya da ta'aliƙin da magabata suka bari a gefen matani, har sukan fifita kwafin da ke ɗauke da su. Ni kuwa ina ganin wannan rubutu na gefen littafin haya shi ma hashiya ce, kuma tana cikin 'yan rubutattun shaidu na abin da matan karkara suka ji a ransu.

Yaro ake aika ya karɓo littafin haya, domin matan aure ba sa fita. Bayan an sauke tukunyar dare, sai 'yar gidan da ta fi iya karatu ta zauna kusa da fitilar ƙwai, uwargida da amarya da gwaggon maigida su kewaye ta, wata na tsinkar zogale, wata na saƙar hula. Ba a yin shafi biyu ba a tsaya ba. Gwaggo ta ce: "Dakata, 'yar nan. Shi uban nata yana ina aka yi mata wannan?" Amarya ta ce: "Yaya, ai kin ji, tsoron matar yake yi." Uwargida ta ce: "Ci gaba dai, mu ga inda Allah zai kama ta." In aka kai ƙarshe aka tarar an tsaya a tsakiya, tambaya ɗaya ce: na biyun ya fito? Littafin da aka yi wa wannan tambaya ya ci jarrabawarsa.

Mizanin da waɗannan alƙalai suke awo da shi ba na wasa ba ne, ko da yake ba su karanta shi a littafin balaga ba. Suna son labari ya yi kama da gaskiya, shi ya sa Alhaki Kuykuyo Ne ya shiga ransu, domin kusan kowace mace ta san wata Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, ta koma sayar da abinci tana riƙon gida. Suna son a yi adalci kafin a rufe littafi, azzalumi ya ga sakayya tun a duniya, kuma marubuciyar da ta bar mugu ya ci bulus, ko ta kashe yarinyar da aka sha wahala tare da ita, za ta sha tsinuwa a gidajen da ba ta san da su ba. A kan Wa Zai Auri Jahila? kuwa gida ɗaya yakan rabu biyu, 'yan mata suna bayan Abu da aka cire daga makaranta aka ɗaura wa tsoho, iyaye maza da wasu tsofaffi suna ganin littafin yana koya wa yara bijire wa iyaye. Haka nan faɗawar Sumayya cikin rijiya a In Da So Da Ƙauna ta jawo doguwar jayayya, wasu na cewa an nuna wa 'yan mata mummunar hanya, wasu na cewa an nuna wa iyaye ƙarshen auren dole ne. Akwai kuma mizanin harshe, wanda mutanen wannan yanki, da suke zaune tsakanin Hausar Kano da ta Katsina da ta Daura, suke da kunnensa ƙwarai. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta samu karɓuwa ne har da daɗin zancen da take sa wa matan labarinta da dabarun zaman gida da suke koyarwa.

Malaman jami'a ba su tsaya kallo ba. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa littattafan, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe filin adabi a jaridar New Nigerian inda aka daɗe ana fafatawa. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙone tarin littattafan a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, Hukumar Tace Finafinai ta jihar kuma ta shigar da marubuta cikin waɗanda take sa wa ido. Ba na musun cewa masu suka suna da hujja a wurare da dama, domin akwai littattafan da aka rubuta da gaggawa, cike da kurakuran rubutu, da kwaikwayon finafinan Indiya, da kwaɗaitar da 'yan mata gidajen bene da motocin da ba za su gani ba. Abin da ya dame ni shi ne, an yi muhawarar da Turanci mafi yawa, a jaridun da ba sa zuwa Rorau ko Dabi, ana magana a kan mai karatu kamar marar lafiyar da likitoci ke shawara a kansa shi kuwa yana kwance ba a tambaye shi ba, alhali yawancin aibobin da aka lissafa matan nan sun riga sun gano su da kansu, sun kuma hukunta masu su ta hanyar daina aika yaro.

Daga baya gidajen rediyo suka shiga karanta littattafan a iska, wanda ya dawo da karatun majalisa a sabuwar siffa, har manomi a gona da wanda bai yi boko ba suka samu bakin magana. Wayar hannu ta zo ta kashe yawancin shagunan haya, labarai suka koma ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp, ana biyan kuɗin karatu ta banki, marubuciya tana jin yabo da zagi a daren da ta saki shafi. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, aka sake komawa ga alƙalai na musamman kamar yadda aka fara a 1933, sai dai yanzu Hausawa ne. Idan ka saurari matasan Gwiwa da Roni da Kazaure a yau suna hira a kan abin da suka karanta kwanan nan, za ka ji ana yaba labarin da ya taɓo gudun hijira da garkuwa da mutane da wahalar asibiti, ana kuma ƙorafi a kan jan labari ba gaira ba dalili domin a ƙara karɓar kuɗi, da batsar da ta yi yawa a wasu tun da babu mai tacewa, da jaruman da kullum 'ya'yan masu mulki ne.

'Yan matan da suka yi karatu a bakin fitila a shekarun 1990 yanzu da yawansu sun aurar da 'ya'ya, suna goyon jikoki, kuma har yau suna riƙe da sunayen littattafan da suka sa su kuka da waɗanda suka jefar tun ba su kai rabi ba. Littattafan hayar kuwa gara da damina sun ci mafi yawansu, saura na cikin tsofaffin akwatuna da ƙarƙashin gadaje. Jigawa tana da jami'ar tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, kuma kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ɗaliba 'yar wannan yanki, wadda za ta iya yin sallama ta shiga har ɗakin uwargida, ita ce ta fi cancanta ta ɗauki na'urar naɗar magana ta bi gidajen Gwiwa da Korayel da Zauma, ta tambayi matan wane littafi suka fara karantawa, wa ya karanta musu, me maigida ya ce da ya gani, ta kuma roƙi a buɗe mata akwatunan ta ɗauki hoton shafukan da aka yi rubutu a gefensu.